Wane Inji Ya Dace Da Tsohuwar Fijo? Bayani Ga Masu Mota Da Makanikai

Bayan farashin hatsi da na dabbobi, yau za mu leƙa wata kasuwa dabam, watau kasuwar injin mota. Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, ba a rasa tsofaffin motoci ƙirar Peugeot, waɗanda muke kira Fijo, musamman 404 da 504. Wasu suna nan suna jan masara da rake, wasu kuwa an ɗora su kan duwatsu a bayan gida, kaji sun mai da su akurki. Masu su iri biyu ne. Akwai mai neman abinci da a-kori-kurarsa ko wagon ɗinsa, akwai kuma mai sha'awa, wanda ya gaji motar mahaifinsa yana so ya tayar da ita, ya yi mata fenti, ya fita da ita ranar salla ko ranar ɗaurin aure. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: inji ya gaji, wanne za a sa?

Ku sani wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Wanda ya yi kuskure a nan, kuɗin amfanin gonarsa na shekara guda zai iya narkewa a gareji, mota kuma ba ta tashi ba. In ma ta tashi, tana iya zama abin da za ta kai shi asibiti. Abin da za mu bayyana shi ne, injin da ya dace shi ne wanda jikin motar ya yarda da shi, hanyar da za ta bi ta yarda da shi, kuma kasuwar da ke kusa da kai tana da kayansa. Ƙarfin doki shi ne na ƙarshe a lissafi.

Fasali na farko: asalin motar

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960, sa'an nan ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A ƙasarmu, masana'antar haɗa Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga birnin Liyon na Faransa, a sauke su a filin jirgin saman Kano, sa'an nan manyan motoci su ɗauka su nufi Kaduna. Ke nan injinan da yawa ta hanyar Kano zuwa Zariya suka ratsa, ta gaban Kwanar Dangora, tun kafin a ɗaura su a jikin mota. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci bayan 1976, sai Fijo ta zama motar manyan ma'aikata, daga nan ta zama motar 'yan kasuwa da direbobin tasha.

A Faransa an daina yin salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Abin da ya karya kasuwar sabuwar mota kuwa shi ne faɗuwar darajar naira daga 1986, lokacin tsarin tsuke bakin aljihu, wanda ya buɗe ƙofar motoci da injina na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Wannan tarihi yana da amfani ga mai zaɓen inji ta fuska biyu. Na ɗaya, an yi 504 fiye da miliyan 3 a duniya, saboda haka kayanta ba su ɓace ba. Na biyu, akwai dattawan makanikai da suka yi shekara talatin ko arba'in suna kwance injinta suna mayarwa, wasu ko da ido a rufe. Wannan ilmi dukiya ne, kuma da ka sa baƙon inji ka rabu da shi.

Fasali na biyu: darasi daga motocin tsere

Mai sha'awa yakan ce shi babban inji yake so, mai kan silinda shida, wanda in ya taka za a ji. To, bari mu duba abin da ya faru da kamfanin da kansa. A 1969 Peugeot ta fito da 504 ta 'yan gayu mai ƙofa biyu, wata mai rufi wata mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ya kuma ƙera jikinsu. Da farko injin silinda huɗu ne a cikinsu. A 1974 sai aka cire shi aka sa V6 mai cc 2664 da ƙarfin doki 136, injin da Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kai suka yi. Sai dai an yi rashin sa'a, domin tun 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Masu saye suka ja baya. A 1977 dole kamfanin ya dawo da injin silinda huɗu mai lita 2.

A fagen tsere ma haka. Tseren Safari na Gabashin Afirka yana cikin mafi wuya a duniya, ga laka ga ƙura ga duwatsu. Fijo 404 mai ɗan injin cc 1618 ta ci shi sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci shi da salun ɗin 504 mai silinda huɗu. Sai a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci da mai ƙofa biyu mai V6, kuma wannan mota ce da injiniyoyin kamfani suka shirya tun daga birki har shokozoba, da makanikai suna bin ta da kayan gyara. Abin lura shi ne, a mummunar hanya juriya ce ta fi kawo nasara, kuma duk lokacin da aka ƙara wa mota ƙarfi sai an ƙara wa sauran jikinta. Kai da ba ka da injiniyoyi a bayanka, sai ka yi tunani sau biyu.

Fasali na uku: yadda aka gina jikin 504

Kafin ka je kasuwa, buɗe bonet ka dubi abu uku.

Na ɗaya, injin fetur na 404 da 504 ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake zuwa dama, kwana 45. An yi haka ne don bonet ya yi ƙasa. Saboda haka duk injin da ke tsaye cak, mai yiwuwa ne kansa ko kafiretonsa ya tokari bonet, ko kuwa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashinsa ya zauna kan ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙafafun gaba. Wannan ƙarfe shi ke riƙe da sitiyari da ƙafafu. Duk makanikin da ya ce maka a yanka shi a yi walda, ka ce masa a dakata.

Na biyu, motar da ƙafafun baya take ja, kuma inji a miƙe yake daga gaba zuwa baya. Injinan da suka cika kasuwa yanzu, na Golf da Camry da Corolla, har da na Peugeot 406, a gicciye ake ɗaura su, suna ja da ƙafafun gaba. Ko da an ba ka irin wannan da araha, aikin juya shi ya dace da giyar 504 ya fi ƙarfin yawancin garejinmu.

Na uku, kuma wannan shi ne wanda mutane suka fi mantawa, a salun ɗin 504 furofela ba a fili take ba. Tana cikin wani dogon bututun ƙarfe da aka ɗaure shi da bayan giya, ɗaya bakin kuma da akzil na baya. Giya da bututu da akzil sun zama kamar abu guda. In ka kawo inji da giyarsa daga wata mota, bayan giyar ba zai haɗu da bututun ba. Sai dai ko a ƙera faranti da zai haɗa baƙon inji da giyar Fijo, ko a cire bututun a sake tsarin ƙarƙashin motar. Kowanne aka ɗauka, aikin mai injin gyaran ƙarfe ne da ma'auni, ba aikin guduma ba. In aka sami karkata ko ta kaurin takarda biyu uku, kulochi zai riƙa ci, giya ta riƙa kuka, mota ta riƙa kakkarwa.

Fasali na huɗu: hanyoyin da ke gabanka

Hanya ta farko ita ce gyaran injin asali. Mutane da yawa suna yanke wa inji hukunci alhali bai mutu ba. Injin Fijo yana da wata baiwa: silindoginsa ba a jikin bulok aka huda su ba, kowanne kamar gwangwani yake, ana zare shi a sa sabo. Ke nan in ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ana iya sayen silinda da fistin da ringi saiti guda, a sa sabbin metal, a wanke tof silinda a gyara bawul, inji ya dawo kusan sabo. Sarƙa ce ke juya taiminsa, ba bel ba. Sharaɗi ɗaya, in an cire tof silinda kada a juya kiranshaf sai an danne silindogin, domin in suka ɗaga, abin da ke toshe ruwa a gindinsu zai saki, ruwa ya haɗu da baƙin mai. In bulok bai tsage ba, kiranshaf bai wuce gyara ba, wannan hanya ta fi kowace sauƙi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hanya ta biyu ita ce ɗan gida, watau wani injin Peugeot na wannan iyali. 404 tana da cc 1618. 504 ta fara da 1796, sa'an nan daga 1970 aka sami 1971, wanda ake kira XN1, mai kafireto, mai ƙarfin doki 90 da 'yan kai. Wannan injin shi aka ci gaba da sawa a yawancin 505, wadda ta fito a 1979. Duk kishingiɗarsu ɗaya, tsarinsu ɗaya. Wanda ke da 404 ko 504 mai ƙaramin inji, in ya sa mai lita 2 zai ji bambanci a hawa ba tare da an yanka komai mai muhimmanci ba. Amma a kula, ba kowane injin 505 ne XN1 ba. Akwai wasu masu cc 1995 da 2165 na gorar ruwa, masu bel ɗin taimin, waɗanda zamansu da wayarinsu dabam ne. Akwai kuma XN2 mai injekta ta ƙarfe ƙirar Kugelfischer, mai doki 104, wanda masu sha'awa a Turai ke nema ruwa a jallo. Yana da daɗin tuƙi, sai dai mai iya saita famfonsa ya yi ƙaranci ƙwarai, in ya lalace maka a Riruwai sai dai a ja ka. Mai tsohon salun ɗin 404 kuma ya sani akzil ɗinta na baya irin na dā ne mai haƙoran tagulla, ba ya son a matsa masa da ƙarfin da ya wuce kima.

Hanya ta uku ita ce dizal. Kamfanin ya yi 504 mai dizal tun daga masana'anta, da injinan Indenor masu cc 1948 da 2112 da 2304, na ƙarshen yana ba da doki wajen 70. Ba ya gudu, amma yana ja, kuma ba ya shan mai kamar na fetur. Wanda zai juya daga fetur zuwa dizal ya san abu biyar. Injin ya fi nauyi, gaban mota zai sauka in ba a sake sifirin ba. Yana son babban batir. Dole a wanke tanki a sa matatar da ke raba mai da ruwa. Ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, saboda haka in akzil bai dace ba zai yi ta ihu mota ba ta tafiya. Na biyar shi ne mafi haɗari: tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki daga injin fetur take zuƙar iska, injin dizal kuwa ba ya ba da wannan sai da wani ɗan famfo na musamman. In aka manta da shi, birki zai yi tauri kamar dutse a lokacin da kake bukatarsa.

Hanya ta huɗu ita ce baƙon inji. Waɗanda suka fi kusa su ne na motocin da ke ja da baya: na Toyota Hilux da Hiace irin su 22R mai cc 2366, da 4Y mai 2237, da dizal 2L mai 2446, na Nissan irin su Z24, da na Mercedes 230 mai cc 2299. Injina ne masu juriya, kayan na Toyota kuma ana samunsu kusan kowane babban gari. Amma duk matsalolin fasali na uku suna jiransu: tsawo, kaskon mai, wurin zama, da haɗin giya. A kuma duba gefen da salansa ke fita da inda sitata yake, domin tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama sitiyarinmu a hagu yake, kuma sandar sitiyari tana bukatar hanyarta. In injin na zamani ne mai injekta, sai an haɗo da kwamfutarsa da makanikai ke kira birin bokis, da dukan wayoyinsa, da famfon mai mai ƙarfi, wani lokaci har da makullinsa, in ba haka ba ba zai tashi ba. Wannan hanya tana da ma'ana ga a-kori-kurar aiki wadda injinta ya fashe, kuma aka sami gwani wanda ya taɓa yi, ka ga motar da ya yi da idonka tana tafiya. Gani ya kori ji.

Game da V6 kuwa, wanda ake samu a 604 da wasu 505 da wasu Volvo, kamfanin bai taɓa sayar da salun ɗin 504 da shi ba, sai mai ƙofa biyu. Inji ne mai faɗi, mai shan mai, mai son ruwa da yawa. Abin wasan mai hannu da shuni ne wanda yake da wata motar ta zuwa aiki.

Fasali na biyar: hanyar da motar za ta bi

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Mai zirga-zirga tsakanin Bebeji da Kano, ko Tiga da Bagauda, ko Kwanar Dangora da Zariya, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake, injin lita 2 ya ishe shi har ya yi saura. Amma wanda ke bin hanyar Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya nufi Doguwa da Saminaka da Jos, ko ya hau duwatsun Riruwai da kaya, abin da yake bukata shi ne inji mai ja tun yana ƙasa-ƙasa, wanda ba sai an yi ta sauya giya ba. A nan dizal da XN1 mai lafiya sun fi injin da ƙarfinsa ba ya fitowa sai an kure shi. A cikin daji kuma mutum ba ya son motar da za ta tsaya masa, kowa ya san dalili. Injin kafireto in ya yi gardama, da sukundireba da ɗan sanfefa ana iya lallaɓa shi ya kai gari. Na kwamfuta in ya ɗauke, ya ɗauke.

Sai zafi. A watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, kuma babban inji babban lagireto yake so. Tof silindan Fijo na gorar ruwa ne, in ya tafasa sau biyu uku sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Kada a mayar da tsohon lagireto da ya toshe a kan sabon inji. Al'adar nan ta cire tamostat a jefar ita ma ba gyara ba ce, tana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba da sanyin safiya, ya sha mai, ya ci ringi. Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabar silinda. Duk injin da ka zaɓa, ka tabbata akwai wurin da matatar iska za ta zauna da kyau. Sau da yawa in an sa baƙon inji wuri ya ƙure, sai a bar kafireto a buɗe ko a ɗaura masa tsumma. Irin wannan inji ba ya ganin damina biyu.

Sa'an nan birki. Salun ɗin farko na Faransa suna da birkin faifai a ƙafa huɗu, amma wagon da a-kori-kura birkin ganga ne a baya. An auna su ne da ƙarfin injin asali. Wanda ya ƙara doki talatin ko arba'in bai taɓa birki da taya da shokozoba ba, ya sayi gudun da ba zai iya tsayarwa ba, ga gangara ga shanu suna tsallaka titi. Ƙa'ida ita ce a fara da birki, a ƙare da inji.

Fasali na shida: lissafin kuɗi

Farashin inji yana bin dala, abin da aka faɗa maka wannan mako ba lalle ya kai mako mai zuwa ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne yadda ake lissafi. Ka ɗauki takarda ka rubuta kuɗin inji, kuɗin dako daga kasuwa, la'adar dillali, kuɗin makanike, na mai walda, na mai wayarin, na mai gyaran ƙarfe, kulochi, wurin zaman inji, lagireto da tiyo, salansa, batir, baƙin mai da matata, da kuɗin gyaran takardu. Ka ƙara kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo ba. A aikin ɗan gida, kuɗin inji shi ne babban kaso. A aikin baƙo, ƙananan abubuwan nan sukan taru su kamo kuɗin injin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai shan mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma a cikin 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Ga misali don lissafi kawai. A ce wani inji yana shan lita 11 a kilomita 100, wani kuma 15. In kana yin kilomita 200 a rana, bambancin lita 8 ne. A kwana 25 na aiki ya zama lita 200. Ka buga wannan da farashin gidan man garinku, za ka ga a shekara guda babban injin ya cinye kuɗin wani injin. Mai fita da mota ranar salla kaɗai wannan bai dame shi ba. Mai neman abinci kuwa shi ne ribarsa duka.

Akwai wani lissafi ga mai sha'awa. Tsohuwar mota a kasuwar masu tara kayan tarihi, darajarta tana ga asalinta. Wadda ke da injinta na haihuwa ta fi wadda aka yi wa dashe kuɗi, musamman mai ƙofa biyu. Saboda haka ko ka sa wani inji, kada ka sayar da tsohon ga 'yan gwangwan a kan kilo. Ka zuba masa baƙin mai ta ramin fulogi, ka toshe kafofinsa, ka rufe shi a inuwa. Kuma kada a yi wa jikin motar yankan da ba za a iya mayarwa ba.

Fasali na bakwai: in ka isa kasuwa

Mutanen yankinmu kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano suka fi zuwa, wasu su leƙa Panteka a Kaduna, masu dogon hannu su aika Ladipo a Legas. Ko'ina ka je, kada ka tafi kai kaɗai. Tafi da makanikin da zai yi aikin, ku auna tsawo da faɗi da zurfin ɗakin inji tun daga gida. Dillali zai tare ka da, "Alhaji, wannan ɗan Beljiyam ne, ko ƙulli ɗaya ba a taɓa kwancewa ba." Ka amsa masa da fara'a, sa'an nan ka duba da kanka, domin akwai injin da ya gama aiki a nan gida aka wanke shi da kananzir aka fesa masa fenti.

Ka buɗe murfin baƙin mai: in ka ga fari-fari kamar nono, ruwa ya shiga. Ka dubi kan ƙusoshi ko sun sha sifana, da gefen gaskit ko an shafa gam. A cire fulogi a jera su, in ɗaya ya jiƙe da baƙin mai to wannan silindar ta gaji. A juya inji da hannu a ji ko yana tafiya sumul. In da ma'aunin matsi, a gwada silinda huɗun, su zo kusa da juna. Sa'an nan a tayar da shi a ƙasa da batir, a bar shi ya yi zafi. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne, baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, wannan na ƙarshe yakan gyaru. Ka saurari ƙasan inji, in ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi ka bar shi ko nawa aka rage. Ku yi magana a fili a kan abin da ke cikin ciniki, sitata da altaneta da kafireto da fulawil, da kuma kwana nawa aka ba ka na gwaji, a rubuta a rasit. Cinikin biri a sama ba na mai hankali ba ne.

Fasali na takwas: takardu

Lambar inji tana cikin takardun mota. In ka sauya inji lambar ta saɓa, kuma ranar da jami'an duba motoci ko 'yan sanda suka buɗe bonet a shingen hanya, kai za ka yi bayani. Saboda haka ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar injin, ka duba lambar a jikin bulok da idonka, in an goge ta ko an sake buga ta kada ka saya ko kyauta ne, mai yiwuwa na sata ne. Bayan an gama aiki ka je ofishin lasin a gyara takardu, ka kuma sanar da kamfanin inshora.

A taƙaice ga jerin da muke ba da shawara a bi. A fara auna injin asali a ga ko zai gyaru. In ba zai gyaru ba, a nemi ɗan gida mai lita 2. Mai jan kaya a hawa ya duba dizal na Peugeot da dukan kayan haɗinsa. Baƙon inji sai in waɗannan sun gagara, kuma sai a hannun wanda ya taɓa yi. Bayan an ɗaura, a yi kilomita 1,000 na farko a hankali ba tare da cika kaya ba, a juye baƙin mai, a sake ɗaure ƙusoshin wurin zaman inji, sa'an nan a shiga dogon zango. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Wassalam.